Ranar da Muka Sauke Dattijo Kan Tabarma

Duk lokacin da sababbin ma'aikata suka tambaye ni dalilin shimfiɗa tabarma a ɗakin ganawa, sai dariya ta riga ni baki. Abin ya faru bara, bayan girbin shinkafar rani, ina jami'in kula da ma'aikata a wani kamfanin casar shinkafa na Argungu mai ofis a Birnin Kebbi.

A da, in za mu ɗauki mutum, mu ke karanta takardu, mu kira shi mu yi masa tambayoyi. Sai manaja ya gaji da wayar manya masu roƙa wa 'ya'yansu gurbi, ya ɗauko wani ɗan kwangila daga Abuja ya sa mana manhajar ƙirƙirarriyar basira. Mai neman aiki zai shiga ɗaki shi kaɗai, kwamfuta na kan tebur, ita za ta yi tambaya, ta kalle shi ta kyamara, ta ba shi maki. Don hankalin mutane ya kwanta, ɗan kwangilar ya sa mata fuskar wani dattijo mai farin gemu da rawani. Ni dai na ji haushi, don na ga kujerata ake yi wa zagon ƙasa.

Mai kula da sito muke nema. Washegarin ganawa sai ga Emeka, ɗaya daga cikin masu neman aikin, a ofishina, idanu jajir. Ɗan wani mai sayar da kayan gyaran babur ne, a Birnin Kebbi aka haife shi, kuma in yana magana bayan labule za ka rantse Bakabe ne.

"Baba, mi na yi wa wanga tsoho?" in ji shi. "An turo min saƙo wai ban zo ba. Kai da kanka ka buɗe min ƙohwa!"

Gaskiya ne, ni na buɗe masa. Ya ce mahaifinsa ya riga ya yanke magana: in bai samu aikin nan ba, ƙarshen mako zai sa shi mota zuwa Anacha ya tsare wa kawunsa shago.

"Ni mi na sani a Anacha? Nan anka haihe ni, nan abokaina suke."

Tausayinsa ya kama ni, na je na sa manaja ya buɗe mana hoton ganawar. Ga kujera nan wayam, ba kowa. Can ƙasa, a bakin tebur, sai tsinin hula ke leƙowa. Murya na tashi: "Baba, ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali?" Dattijon kuwa sai cewa yake, "Shin akwai wani a ɗakin?" Emeka na amsawa daga ƙasa, "Ina nan, Baba." Ashe da ya ga furfura, durƙusawa ya yi, kuma da yake ba a ce masa ya tashi ba, a nan ya ƙare ganawarsa. Manaja ya yi dariya har da hawaye.

Da muka duba na sauran, dariyar ta ragu. Waɗanda suka zauna ma sun sunkuyar da kai, manhajar ta rubuta musu cewa suna gudun haɗa ido, alamar rashin gaskiya. Wanda ya zo na ɗaya, wani ne da ya ɗora ƙafa kan ƙafa ya zura wa tsoho ido kamar zai cinye shi.

"Yallaɓai, mun kori masu tarbiyya ke nan," na ce.

"Na gani," in ji manaja, "amma yarjejeniya ta hana mu taɓa cikin manhajar. Sai ɗan Abuja ya zo, ƙila wata mai kamawa."

"To yarjejeniyar ta ce dole kan tebur kwamfutar za ta zauna?"

Ya dube ni, ya ce bai ga wurin da aka rubuta haka ba. Na aro tabarma a masallacin ofis, na fitar da tebur da kujera, na sauke dattijo ƙasa. Muka sake kiran kowa. Yanzu duk wanda ya durƙusa ya sunkuyar da kai, idonsa cikin kyamara yake faɗawa.

Emeka ya amsa tambayoyinsa tsaf, shi ya zo na ɗaya. Ranar da ya kama aiki, mahaifinsa ya zo da kansa yana ta godiya, har yana tambaya ko zai samu ganin tsohon ya gaishe shi.

Ban ƙi manhajar ba, don tun zuwanta wayar manya ta ragu. Amma na koyi cewa aikinmu ba tambaya ba ce kawai, sai ka san inda mutum yake tsayawa in yana girmama ka. Saura kaɗan mu aika ɗan Kebbi Anacha, laifinsa kawai ya gaida babba yadda muka koya masa.