Kaset ɗin da ya wanke ni

Mijin yayata, Alhaji, a wata masana'anta yake aiki a Saint-Fons kusa da Lyon, kuma ran Lahadi da rana ko gobara ake ba ya tashi daga gaban tele, wato talabijin. Akwai wani wasan barkwanci na Amurka da aka juya zuwa Faransanci, na wani tsoho mai shagon wanki da malalacin surukinsa. Alhaji yakan yi dariya har sai ya share hawaye da hularsa.

Ni kuwa a shekarun casa'in ɗin nan direba ne a wata ambasad, wato ofishin jakadanci, a Paris, kafin nan na yi shekara biyu a London. Wata ziyara da na kai musu gidansu a unguwar Guillotière ta Lyon, sai bakina ya ja mini. Na ce, "Alhaji, ai wannan kwaikwayo ne. Na Ingila ne na asali, da idona na gan shi."

"Ɗan London ya fara!" in ji shi. "Amurka guda ta rasa abin yi sai kwaikwayo? Kai dai gishirinka ya yi yawa."

Falo cike da baƙi, kowa ya kwashe da dariya, har da yayata. Na san wasa ne irin na miji da ƙanin mata, amma wallahi ya yi mini ciwo. Daga ranar, ko cewa na yi ana ruwa a Paris, sai a ce in kawo shaida.

Wata uku ina fafutuka kafin wani abokina ya aiko mini da kaset daga London. Ba ni da na'urar kallo a ɗakina na unguwar Belleville a Paris, don haka ban gwada ba. Na naɗe shi a tawul, na hau jirgin ƙasa sai Lyon, ina ta murmushi ni kaɗai.

Aka ci tuwo, aka zuba shayi, na tura kaset. Ga tsohon, ga shagon wanki, ga malalacin suruki, har gardamar wandon da ya ƙone iri ɗaya. Sai dai hoton ba kala, baƙi da fari! Na manta shaf cewa kaset ɗin Ingila ba ya ba da kala a na'urar Faransa. Na ce a raina shi ke nan, yau zai ce ruɓaɓɓen kaya na kwaso.

Alhaji ya matso da kujera, ya ƙura wa hoton ido, can ya jinjina kai.

"Baƙi da fari," ya ce. "Lalle wannan ya girmi nawa. Hajiya, ƙaninki ya yi gaskiya. Ashe 'yan Amurka fenti kawai suka shafa masa!"

Ni dai a London da kalarsa tsaf na kalle shi. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna wata ukun da na sha, na kai kofin shayi bakina. Ranar da aka fara yarda da maganata a gidan nan, ranar na fara ɓoye musu gaskiya.