Gwamen Jar Mota

Sunansa Sama'ila Ɗan Azumi Safo. Mun san juna a shekarar 2009, a ajin yaƙi da jahilci na Madarumfa, dukanmu biyu da furfura a gemu muna koyon riƙe alƙalami.

Sana'arsa haɗa amalanken jaki da gyaransa, kuma ya shafe fiye da shekara talatin yana yin ta a ƙofar gidansa, daura da hanyar tafki. Abin da aka san shi da shi ido ne. Amalanke zai ɓullo daga nesa ɗauke da damman gero, Sama'ila yana zaune bai ko ɗaga ba, ya ce da mai shi, "Ƙafarka ta hagu ta yi gwame." Wato saman tayar ya shige ciki, ƙasanta ya buɗe waje, kamar mutumin da gwiwoyinsa suke gugar juna. A amalanke wannan ba ya nufin komai sai cewa ƙarfen da ke riƙe da tayoyin ya lanƙwashe saboda lodi. Idan mai amalanke ya yi musu, Sama'ila ya zaro zare mai ɗan ƙarfe ɗaure a bakinsa, ya saki daga saman taya, zaren ya tsaya cak ya yi masa shaida. Ba a taɓa kama idonsa da ƙarya ba, kuma shi ma bai bar kowa ya manta da hakan ba.

Surukinsa Alhaji Al'amin, mijin ƴarsa Barira, dillalin motoci ne a Maraɗi. A daminar 2023 direbansa, wani magidanci mai suna Hassan, ya tuƙo masa wata jar mota daga Kwatano, irin ta tsere: ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusa da ƙasa har kaza ba ta iya shigewa. Wani attajirin Katsina ne ya yi odarta. Kafin a tsallaka da ita aka rufe iyakar ƙasa, sai Alhaji ya roƙi arzikin a ajiye ta a gidan surukinsa, inda akwai fili da katanga. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, ya yi roƙon kansa a sunkuye. Sama'ila ya ce amana ce, ya karɓa.

Tun ranar farko ya ga abin. Tayoyin baya duka biyu sun yi gwame.

Wata bakwai yana kallonsu. In ya fito alwala suna nan, in ya dawo daga masallaci suna nan. Ya saki zarensa, zaren ya nuna yatsa guda da rabi a kowane gefe. Ya ce a ransa ramukan hanyar Kwatano ne, kuma attajiri zai ga wannan ya ce Alhaji maha'inci ne. Bai iya faɗa wa Alhaji ba, don suruki ba a zama da shi ana hirar taya, kuma dai ya fi son a zo a tarar an gyara, a tambayi wa ya yi.

Matarsa Ɗelu ta same shi wata rana da hantsi kwance a ƙasa, ya ɗaga bayan motar ya tokare da guntayen itace.

"Malam, mi kake nema ƙarƙashin motar mutane?"

"Aikina nike."

"Aikinka na da jaki a gaba. Wagga ina jakinta?"

"Taya taya ce, Ɗelu. Ki koma ga tukunyarki."

A ƙarƙashin ya tarar da abin da ya burge shi. Kowace ƙafa tana da wata ƙusa mai faifai a kanta, kuma ramin faifan ba a tsakiya yake ba, saboda haka in an juya ƙusar, tayar takan matsa ciki ko waje. Ba wuta, ba guduma. Ya juya kaɗan, ya sauke motar, ya saki zare. Ya sake ɗagawa, ya sake juyawa. Kwana biyu ya yi a haka, har tayoyin suka miƙe tsaye kamar sahun salla. Ya ɗaure, ya goge hannu, ya mayar da tamfol ɗin da ake rufe ta da shi.

Cikin azumin 2024 aka buɗe iyaka. Hassan ya zo ya ɗauki motar, Alhaji yana zaune a gefensa. A wata kwanar hanya kafin garin Ɗan Issa bayan motar ya kuɓuce, ta juya sau ɗaya a kan kwalta ta faɗa cikin rairayin wata gona. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, sai dai fitila guda da ƙarfen gaba. Aka jawo ta zuwa garejin wani makanike a Maraɗi, Usman, shi kuwa ya ce an taɓa ƙusoshin baya, ga sawun ƙarfe nan a kansu. Alhaji ya yanke cewa Hassan ne ya faɗa rami tun a hanyar Kwatano, ya kai wa wani na bakin titi ya ɓoye masa. Hassan ya rantse, ba a saurare shi ba. Aka karɓe makulli, aka sallame shi, ga mata ga ƴaƴa biyar, saura kwana goma sha biyu salla.

Barira ce ta kawo labarin gida. Ɗelu ta dubi mijinta, ta ci gaba da tsince shinkafa. Da aka sha ruwa a ranar, Sama'ila ya ture furarsa gefe.

Duk da haka bai yarda ya yi kuskure ba. Washegari ya hau mota zuwa Maraɗi, ya nemi garejin, ya tsaya kamar mai wucewa.

"Ɗana, wata tambaya gare ni. Wani mutum ne ya ga mota ta yi gwame, ya miƙe ta. Ya yi laifi?"

Usman ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana dariya. "Baba, in irin waccan ja ce, ai da gwamenta aka haife ta. Da gangan masu ƙerawa suka yi. In ta shiga kwana a guje, nauyi ya danne gefe guda, sannan tayar ke zama daram bisa kwalta. Kuma ƙusar nan, in ka juya ta, ba tsayuwar taya kaɗai take canzawa ba, har inda tayar ke fuskanta. Wanda ya yi aikin ga ya bar ƙafa guda na kallon Katsina, guda na kallon Zinder. Wallahi ko mai gyaran amalanke ba ya yin haka!"

Masu zaman garejin suka kwashe da dariya. Sama'ila ya ji kamar an zare masa rawani a tsakiyar kasuwa. Ba wanda ya san shi a wurin. Yana iya juyawa ya hau motar Madarumfa, maganar ta mutu a cikinsa da cikin Ɗelu. Ya kai har bakin tasha. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya juya ya nufi filin da surukinsa ke baje motoci.

Alhaji yana hango shi ya miƙe ya zubar da takalmi ya durƙusa a gaban abokan cinikinsa.

"Alhaji, ni na taɓa ƙafafun motar nan. Da hannuna, cikin gidana."

Alhaji bai ɗaga kai ba. "Haba Baba, ai ba komi. Ku da motarku. Ƙaddara ce, an wuce wurin."

Sama'ila ya gane abin da ake yi masa. Kunyar surukuta ce ake shimfiɗa masa ya taka ya wuce, kuma in ya taka, Hassan yana nan a kore.

"Ba a wuce ba. Na ga gwame na ɗauka irin na amalanke ne. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Yaron can bai yi maka ƙarya ba. A kira shi."

"Baba, sai in an sha ruwa in aika..."

"Ina nan tsaye."

Tsaye ya yi kuwa, cikin rana, da azumi a bakinsa, ya ƙi kujerar da aka kawo. Alhaji bai iya miƙewa ba tunda surukinsa bai tafi ba, haka suka kasance kusan awa guda, ɗaya a tsaye ɗaya a durƙushe, masu wucewa suna rage tafiya. Da Hassan ya iso bisa babur, Sama'ila ya maimaita maganar daga farko, bai rage komai ba, ya ƙara da cewa, "Ka yafe mani."

Hassan ya dube shi, ya dubi maigidansa. "Baba, na yafe. Amma don Allah in na aje babur ɗina ƙofar gidanku, ku bar mani shi yadda yake."

Wani ya yi dariya ya danne. Alhaji ya laluba aljihu ya miƙa wa Hassan makulli, har yanzu kansa a ƙasa.

Labarin ya riga Sama'ila isa Madarumfa. Ya yi sallar idi a sahun ƙarshe, ya fice kafin a gama gaisawa. Bai bar sana'arsa ba, masu amalanke ma ba su bar zuwa ba, sai dai wasunsu sukan tsaya nesa su ce, "Malam, a duba mani, ko gwamen nawa ma na kamfani ne?" Alhaji bai sake shiga gidan ba har bayan babbar salla, ba don fushi ba, don ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Sama'ila da kansa ya ba ni labarin, yana duban ƙasa, ya ce in zan rubuta kada in gyara masa komai. Ganina da shi na ƙarshe ranar Alhamis ne, 14 ga Nuwamba, 2024.