Rigar da Tela Ya Buɗa

Ina tsugune da ƙarfe mai kilo ɗari da tamanin a kafaɗa, na yunƙura zan miƙe, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Sai da mutum biyu suka ɗauke min ƙarfen.

Jiya ke nan da safe, a wurin ɗaga ƙarfenmu na Bosso. Wata huɗu ban tsuguna ba sai da rigar gasa, matsattsiyar nan mai kama jiki daga kafaɗa har cinya, wadda sai an taru ake cusa ka ciki, in ka sauka ƙasa ta turo ka sama.

Ashe matata ta ga shatin da rigar take bar min a cinya, tausayi ya kama ta, ta kai wa tela a Shango ya buɗa ta. Ni kuwa da na ji ta shige ba wahala, na zaci ramewa na yi.

Oga Bitrus, mai horar da mu, ya juya rigar ya ga sabon ɗinki.

Na ce, "Oga, tela ya cuce ni, ga gasa saura sati uku."

Ya ce, "Bai cuce ka ba, Malam Sani. Ya nuna maka wanne ne naka, wanne ne na riga. A mayar da ɗinkin, amma daga yau kwana biyu ba riga, kwana ɗaya da riga."

Yau na koma kilo ɗari da talatin, daga ni sai gajeren wando. Da ƙyar na miƙe, amma ni na miƙe.

Har yanzu na kasa yi wa matata faɗa. Ku fa, wace riga ce take ɗaga muku kaya kuna cewa ƙarfinku ne?