Mayafin Magaji a Injin Wanki

Kawuna mai sayar da shadda a unguwar Château Rouge ta birnin Paris yana cikin mutanen nan da bakinsu bai taɓa furta "ban sani ba". Shekara ashirin yana taɓa yadi, don haka a ganinsa duk abin da ɗan Adam ke ɗaurawa a jiki ya san asalinsa, ko da ido a rufe. Ni kuwa a lokacin, tsakiyar shekarun tamanin, ina karatu a Lyon, ɗakinmu ɗaya da wani ɗan Uganda da yaƙi ya hana komawa gida.

Sau ɗaya na taɓa kai shi ya gai da kawu. A natse ya yi bayani cewa mutanensu Baganda ne, mutum ɗaya Muganda, ƙasar sarautarsu Buganda. Kawu ya saurara yana sakace haƙori, sannan ya ce ai ko yaro ya san Baganda mutum ɗaya ne kamar Bahaushe, idan suka yi yawa Gandawa. Wato mai sunan ne bai iya sunansa ba. Da yake kawu Faransancinsa na ciniki ne kawai, ni ne tafinta, sai na fassara rabi na haɗiye rabi.

Cikin sanyin wata shekara wasiƙa ta zo cewa mahaifin abokina ya rasu, har an binne shi tuni, kuma dangi sun zaɓe shi magaji. A al'adarsu magaji ba ya tabbata sai an ɗaura masa mayafin ɓawon itace a kafaɗa a gaban jama'a. Ɓawon wata bishiya ne mai kama da cediya, a saɓule shi, a yi ta bugu da gudumar itace har ya faɗaɗa, ya yi laushi, ya yi ja kamar sabuwar tukunya. Mahaifiyarsa ta aiko masa da guda wanda marigayin ya buga da hannunsa, daga bishiyar bayan gidansu. Bagandan da ke Paris, waɗanda falo ɗaya ya ishe su, suka tsai da ranar Lahadi.

Saƙon ya biyo hannun fatake, daga Nairobi zuwa Jidda, daga Jidda zuwa Paris. Ni na ba da adireshin kantin kawu, ina ta cika baki cewa abin da ya shiga hannunsa ya shiga amana. Har yau ina jin kunyar wannan cika bakin.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Abokina bai ci komai ba a hanya, yana ta ba ni labarin ƙarar gudumar babansa, wadda ita ke tashe su da safe.

Gaskiya kawu ya yi ta'aziyya mai kyau, da addu'a da komai. Sannan ya gyara zama, fuskarsa cike da murmushin wanda ya yi wa mutane alheri ba su roƙa ba. Ashe ya buɗe ƙunshin, kamar yadda yake buɗe duk abin da ba nasa ba. Ya ga abu ja-ja yana warin hayaƙi, ya yanke hukuncin dauɗa ce, kuma abin kunya ne a fita da shi taro a birnin Paris. Shi da ko hularsa bai taɓa wankewa ba, ranar sai ga shi da kansa a gidan wankin da ke bakin titi. Ya jefa shi cikin inji, ya zaɓi ruwa mafi zafi, ya ƙara da ruwan jabel, sinadarin nan mai sa tufafi su yi fari.

Ya miƙo mana leda. Abin da ke ciki ya yi kama da dusar da aka jiƙa wa akuya.

"Gaya mishi tsumma ne," in ji kawu, "ko zare ɗaya babu a ciki, an cuce su. Ga shadda yadi goma, ya ɗaura wannan ya fita kunya."

Na juya ga abokina na ce kawu yana neman gafara, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Bai ɗago ba. Ya durƙusa a tsakar kantin yana tona ledar da yatsu a hankali, har ya samo wani yanki da bai fi tafin hannu ba. Ya shimfiɗa shi a gwiwa ya shafa, ya sa a aljihun ƙirji. Shaddar ko kallo ba ta samu ba, abin da kawu ya ɗauka rashin tarbiyya ne. Ni kuma, jarumi, na yi wa kawu godiya kafin mu fita.

Ranar Lahadi, a wani bene da ke Clichy-sous-Bois a gefen Paris, dattijon da zai yi naɗin ya juya yankin nan gaba da baya, ya ce wannan ba ya ƙulluwa. Wata tsohuwa ta ciro fil daga ɗankwalinta ta ba shi, ya maƙala shi a kafaɗar kwat ɗin abokina. Haka ya tsaya gabansu yana jera sunayen kakanninsa, muryarsa ba ta rawa, matan suna durƙushe suna share hawaye. Ina can bakin ƙofa, ban taɓa raina kaina kamar ranar ba.

A jirgin komawa Lyon bayan mun wuce rabin hanya, abokina yana kallon taga ya ce, "Mahaifiyata ta ce in aika mata hotona sanye da shi."