Ruwan Inabin da Muka Ajiye wa Baƙo

A siton da nake aiki a Jebel Ali ta Dubai akwai wani abokin aikina ɗan Samarkand. Sahu ɗaya muke sallah, amma da an sallame sai ya ɗauko zancen giyar inabin garinsu: yadda kakanninsa suke matse inabi su binne a tuluna tun zamanin da, ta wace shekara ce ta yi daɗi, ta wace shekara sanyi ya ɓata. Haka yake jera su kamar yadda mu muke hirar damina. Ni dai "to" nake cewa, kada a ce ba ni da kara.

Da ya dawo daga hutu sai ya miƙo mini gora cike da jan ruwan inabi.

"Habibi, wannan halal ne, jiya aka matse a gonar babana. Ka sa a firij, ka sha da wuri."

Bai san Bahaushe ba. Mu abin kirki ba a shan sa, baƙo ake ajiye wa. Matata ta ɗora gorar a saman kabad ɗin ɗakinmu na unguwar Abu Hail, kusa da kwanukan da ba a taɓawa, ta ce sai Baba ya zo.

Baba mahaifinta ne. Tun farko bai so na kawo 'yarsa Dubai ba, shi a wurinsa garin mashaya ne. Ya ce zai biyo daga Umara ya gani da idonsa, in bai gamsu ba ya wuce da ita Kano. Muna jiran sa, zafin Dubai kuma yana can saman kabad yana aikinsa.

Ranar da ya iso ya ci tuwo da miyar kuka, ya fara sakin fuska, har ya yaba kusancinmu da masallaci. Hankalina ya kwanta. Sai matata ta ce, "Baba, akwai abin da muka ajiye maka."

Ina murɗa murfin, gorar ta yi tus, kumfa ya wanke masa farar riga. Tsami ya cika ɗakin. Ni da ban taɓa ɗanɗana giya ba, ga ni tsugune gaban surukina riƙe da ta bana, haɗin gidana. Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige.

Na ce, "Baba, wallahi da aka kawo shi..."

Bai ko kalle ni ba. Ya ɗaga hannun rigarsa ya shinshina, sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Ina kika ajiye fasfonki?"