Ruwan Bulo Mai Kama Iska

A shekarar da sojoji suka koma bariki nake koyon aikin koyarwa a wata sakandare a Agege. Malamin da ke duba mu zai zo ya ga darasina, in ya ce ban iya ba kuwa sai na maimaita shekara. Darasin a kan iskar da muke fitarwa wajen numfashi ne, makarantar kuma ko kwalbar gwaji babu.

Bayan gidanmu akwai masu buga bulo. Na roƙi ogansu ragowar kwaɓin siminti da buraguzan da suke zubarwa, na jiƙa a bokiti, na tace, ruwan ya fito garau, na ɗura a kwalabe. In ka hura shi da bututun biro sai ya koma kamar farau-farau, don ya kama iskar ya mai da ita garin alli. Ni da bakina da ba ya shiru, na gaya wa Kaka, mahaifiyar babanmu, cewa ruwan nan kama iska yake yi.

Ai Kaka ba numfashi ta ji ba, aljanu ta ji. Ana gobe darasi na leƙa kasuwa, na dawo na tarar da tsakar gida maƙil da mata, har da Yarbawan layinmu, kowa na jiran bututu. Duk wadda ta hura, ruwa ya yi fari, sai salati. Mai tuwon bakin titi ta ce dama ta sani, shi ya sa kullum take faɗa da mijinta. Na yi bayani da Hausa, na yi da Yarbanci, wa ya saurare ni? Dariya ta ci ƙarfina har na zube ƙasa. Sai da na ga kwalaben duk sun yi fari dariyar ta tsaya, ga masu bulo sun tashi, babu halin jiƙa wani.

Da safe Kaka ta zaro kwalba ɗaya daga ƙarƙashin gadonta. Wa kanta ta ɓoye, tsoro ya hana ta hurawa.

"Ungo, ja'ira," ta ce, "amma ƙafata ƙafarki."

Ta tsaya a tagar aji. Malamin, da kwat da tabarau, ya karɓi bututun ya hura, ruwa ya yi fari, ɗalibai suka hau tafi, ya gyaɗa kai ya ce na ci. Sai ga muryar Kaka daga taga, cike da tausayi:

"Allah sarki, ashe har oga yana da su."