Haladu da Sharar da Ba Ta Ruɓewa

A ranin shekarar 1984, bayan farin da ya ƙone gero a tsaye, Haladu mai haƙar rijiya ya fara haɗuwa da Malam Yunusa. Malam yana ba da magani a wani ƙaramin asibiti kusa da Dingaya, Haladu kuwa ya zo masa da ruwa a kwalba. Ruwan sabuwar rijiya ne, mai zurfin gaba goma sha ɗaya, wadda ya haƙa wa wani makiyayi mai suna Nu'uman. Shanu bakwai suka sha da hantsi. Kafin la'asar duk sun mutu.

Malam ya sansana kwalbar sau ɗaya ya kawar da kai. Sai daga baya wani tsoho ya tuna cewa shekara ashirin kafin nan wasu ma'aikata sun binne ragowar gangunan maganin ƙwari a kwarin da aka haƙa rijiyar. Sun ma kafa allon gargaɗi, wani ya cire ya yi ƙyaure da shi.

Nu'uman bai kai ƙara ba, ko murya bai ɗaga ba. Da ya zage shi, da Haladu ya fi samun sauƙi. Haladu ya cike rijiyar da hannunsa ya koma Birnin Kudu, amma tun daga ranar bai sake yarda an zubar da kwandon ƙasa ba sai ya sansana.

Shekara arba'in suka wuce. Matarsa Tani ta rasu, 'ya'yan suka tare a Kano, masu injin burtsatse suka ƙwace sana'ar. Gida ya rage daga shi sai rediyo. Wata safiya ya ji ana shiri kan tashar lantarki ta nukiliya da ake maganar ginawa a ƙasar nan. Mai bayanin ya ce abin da ke saura bayan an gama amfani, wato sharar nukiliya, sai an binne shi can cikin dutse, domin yakan yi dubban shekaru yana cutarwa.

Haladu ya ɗauki sandarsa ya nufi zauren Malam Yunusa, wanda shi ma ya yi ritaya a garin.

"Malam, shara na ji sun ce?"

"Haka suka fassara."

"To sun kashe mu. Wa ka taɓa gani ya bar shara ta zauna a garin nan ko nan kusa a Kangire? Kafin ruwan fari an loda wa jaki an kai gona."

Malam ya yi dariya har da tari. "Ba wanda ya ce nan za a kawo ta, Haladu. Tashar ma ba a aza tubalinta ba. Kuma za su kafa alama."

"Ta ƙarfe? 'Yan jari-bola suna godiya."

"Ta siminti, da rubutu."

"Shanun nan da mutanen zamanin da suka zana a duwatsun garin nan, kai da ka yi boko, karanta mini abin da suke cewa."



Haladu ya yi ta maganar a teburin mai shayi da bakin masallaci, har aka sa masa suna Baba Nukiliya. In ya zauna a benci sai a fara tuna uzuri, ɗaya bayan ɗaya, a bar shi da shayinsa. Bai gaya wa kowa ba, amma ba wancan dutse mai nisa ke ransa ba. Kwarin Dingaya ne. Nu'uman ya rasu, tsohon da ya tuna gangunan ya rasu. Duk duniya saura tsofaffi biyu suka san abin da ke ƙarƙashin ciyawar.

Ya hau mota zuwa Gwaram, ya ƙarasa a babur. A rugar ya tarar da Kubra, 'yar Nu'uman, ta zama kaka. Matan rugar suna tafiyar awa guda kafin su cika jarka, don haka ɗanta Saifullahi ya kafa turke inda za su haƙa rijiya bayan girbi. A tsakiyar kwarin ne, inda ciyawa ta fi kore.

Haladu ya ba shi labarin tun daga farko. Saifullahi ya saurara cikin ladabi, sannan ya ce, "Baba, gubar shekara sittin? Ai yanzu ta zama taki."

A motar komawa ya yi ta juya maganar. Allo bai tsare wurin ba, labari ma bai tsare ba. Ƙishirwa ce ke sa mutum haƙa, kuma ba ta karatu.

Ya sayar da gonarsa ta hanyar Kangire, ita kaɗai ta rage masa. Ya ɗauki mahaƙa uku, ya zaɓi tudu can arewa da kwarin, inda ruwan ƙasa ke gangarowa kafin ya isa wurin gangunan. Kwana ashirin da uku yana zaune a bakin ramin ƙarƙashin laima, kowane kwando ya fito sai ya sansana. Mahaƙan suka ce tsufa ne. A gaba goma sha shida ruwa ya ɓullo. Shi ya fara sha, cikin ƙwarya, ya hana kowa taɓa guga sai da la'asar ta yi yana nan daram.

Mutanen rugar suka yanke cewa wani ɗan siyasa ne ya turo shi. Kubra ta kawo masa fura ta durƙusa.

"Baba, wa ya aiko ka, mu yi masa addu'a?"

"Wani ne da babanki ya taɓa yi wa alheri."

Saifullahi ya je kwarin ya tuge turkensa, ya zo ya ɗaure maraƙi da shi. Aka cika kwamin shayarwa da ruwa, shanu suka matso. Haladu yana ƙirga su a ransa. Da ta bakwai ta sha ta ɗaga kai ta koma kiwo, sai ya kakkaɓe rigarsa, ya tambayi hanyar da zai samu babur.